Aljanin Ɗakin Kati

Abin nan a Kusada ya faru, cikin daminar bara waccan. Wanda bai yarda ba, ba a tilasta mashi.

Ranar wata Laraba ce. Rana ta riga ta nutse bayan gero, ladan bai kira magariba ba tukuna, gari ya yi irin shirun nan da ko akuya ba ta son fasawa. Adda Sumaiya na durƙushe bakin murhu tana kaɗa miyar kuka, hayaƙin ɗanyen icce yana cin idonta, kaji sun gama shiga akurki. Sai wata tsakuwa ta faɗo cikin tukunya, miya ta fallatsa mata a hannu.

Ta ɗaga kai ta zagi ɗiyan maƙwabta, ta haɗa da iyayensu da ba su iya tarbiyya ba, ta ci gaba da aikinta. Ta biyu ta faɗi kusa da turmi. Ta uku ce ta sa ta ajiye maburgi, don wannan ta ga inda ta fito. Ba ta bisa katanga ta zo ba. Daga ƙofar ɗakin Zuhura, ɗiyar ƙanenta, ta fito, a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar wanda ke zaune ne ya jeho ta, ta gangaro har gaban ƙafarta ta tsaya. Zuhura kuwa ga ta can bakin randa tana alwala. Ɗakin ba komi sai gado da kwalaye huɗu. Adda ta ɗauki tsakuwar, ta ji ta da ɗumi kamar yanzu ta fito daga hammatar mutum. Ta yar, ta goge hannu a zane, ba ta ce ma kowa komi ba ranar.

To, sai an san maigidan kafin a gane sauran labarin. Sunanshi Sharafaddeen, ƙanen Adda ne ciki ɗaya. Ita ta goya shi da uwarsu ta rasu, ita ta share mashi majina har ya shiga firamare, shi ya sa duk garin ita kaɗai ke ce mashi Sharafa. Sauran jama'a Likita suke cewa. Ba likita ba ne. Nas ne a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa na wani asibiti cikin Kankia, kullum da safe ya hau babur ya tafi, amma shekara goma sha ana ce mashi Likita bai taɓa gyara ma kowa baki ba.

Da can ba laifi, yana aikinshi ana jin daɗinshi. Abin ya lalace ne da ya shiga karatun digiri na ƙarshen mako, aka koya masu wani darasi da mutanen gidan suka raɗa ma suna ciwon hali. Wai akwai mutanen da ba tabuwa ke gare su ba, ba kuma lafiya lau suke ba, halinsu ne ya ƙage wuri guda har yana cutar da su da masu zama da su. Ilimi ne na gaske, masu shi suna taimakon bayin Allah da shi. Amma a hannun Sharafa sai ya zama sabon hatimi a hannun sabon magatakarda, duk abin da ya gifta sai an buga mashi.

An kasa abin rukuni uku, cikinsu akwati goma. Rukunin farko na masu zargi ne da masu gudun mutane da masu baƙon tunani. Na biyu na masu zafi da hargowa, da marasa tausayi, da masu ganin ba kamarsu, da masu neman a kalle su ko ta halin ƙaƙa. Na uku na matsorata, da masu rataya a wuyan wani, da waɗanda tsari ya hana su sakat. Sharafa ya je ya sayo biro uku, shuɗi na rukunin farko, ja na biyu, kore na uku, ya jera su a aljihun gaba kamar lambobin yabo. Adda ta samu shuɗi don tana kulle akwatinta, tana kuma ƙirga kajinta da yamma. Matarshi Hadijatu ta samu kore don tana tambayarshi miyar da yake so. Mai shayin bakin tasha ja ne. Tela kore ne, don ya auna shi sau biyu. Ba wanda ya tambaye shi, ba kuma wanda ya tsira.

Mako uku kafin jifar farko, asibitinsu ya koma aiki da kwamfuta, aka ce a ƙone tsofaffin katunan marasa lafiya da ke jibge a wani ɗaki na can baya wanda aka daɗe ba a buɗe ba. Sharafa aka ba aikin. Shi kuwa yana neman mutanen da zai cika aikin binciken digirinshi da su. Sai ya jira aka tashi aiki, ya shiga ɗakin da almuru, ba sallama ba bisimilla, ya cika kwali huɗu, ya yi sawu biyu a babur. Ya zuba su a ɗakin Zuhura don shi kaɗai ne ba ya yoyo. Daga nan kullum bayan la'asar ya zaunar da yarinyar tana karanto mashi kati ɗaya ɗaya, shi kuma yana kishingiɗe yana zaɓar biro. Mutanen da bai taɓa gani ba, wasu sun daɗe a kabari, duk ya raba masu launi, ya shigar da su cikin wani babban jadawali.

Zuhura shekararta goma sha tara, yarinya mai shiru, in ta yi magana sai ka matso. Tun yaye take hannun Adda, tabarma ɗaya suka kwana har ta girma. A daminar nan aka ɗauke ta wata makarantar koyon aikin lafiya a Kankia, ba abin da ya rage sai takardar shaidar lafiya da likita zai sa ma hannu, a kai kafin a rufe rajista. In ranar ta wuce, gurbin ya tafi ga wani. Adda ta riga ta ɗinka mata zanen gado biyu.

Jifa ba ta tsaya ba. Kwana biyar a jere, da rana ta faɗi sai tsakuwa ta fara fitowa daga ɗakin nan, ba gaggawa, ba ta samun kowa, sai dai ta faɗi daf da mutum. A rana ta uku aka fara jin motsin takarda, kamar ana lasar yatsa ana buɗe shafi. A ta huɗu wata murya ta kira lamba can ƙasa-ƙasa, irin kiran da ake yi ma masu jiran layi, aka ɗan yi shiru, sannan wata ta amsa. Hadijatu ta daina bi ta gaban ƙofar, sai ta zagaya ta bayan rumbu.

Ranar Litinin, ladan na cikin kiran magariba, Zuhura ta fito daga ɗakin da wata irin tafiya ta tsoho mai ciwon baya. Ta kifa turmi, ta zauna a kai, ta ɗora ƙafa ɗaya bisa ɗaya kamar namiji. Ta yi gyaran murya. Muryar da ta fito ba tata ba ce, busasshiya ce, ta dattijon da ya gaji da mutane. Ta fara karanto kati da ka: lamba, suna, gari, shekaru, da abin da ya kawo mai shi, har abin da ya faɗa ma likita yana kuka ya roƙi kada matarshi ta ji. Sunan wani mutumin Sukuntuni ne da kowa ya sani. Adda ta ga kawunan matan maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga, sai ta ɗauki taɓarya da faranti ta yi ta bugawa don kada maganar ta haura. Ana kiran isha'i yarinyar ta sulale ƙasa, ta yi barci. Da safe ba ta san an yi ba.

Haka aka yi Talata, haka Laraba. Sharafa ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan da littafi a cinya, yana kallon ɗiyarshi yana gyaɗa kai kamar mai cinikin saniya. Ranar Juma'a ya tara matan ya yanke hukunci. Ya ce ba aljani ba ne, gidan ma'aikacin lafiya ba ya da aljani. Ya ce yarinyar ta haddace katunan ne lokacin da take karanto mashi, yanzu tana wasan kwaikwayo don a taru a kalle ta, rukuni na biyu ke nan, akwatin masu neman ido. Maganinta a daina kallonta. Ya hana Hadijatu zuwa kusa da ita in abin ya tashi. Ya fito da sabon kati, ya rubuta sunan Zuhura, ya zare jan biro. Sannan ya ce ba zai bari a sa hannu a takardar lafiya ba, ya rubuta wasiƙa zuwa babban asibiti, kwafi ɗaya kuma zai miƙa ma makarantar da kanshi ranar Laraba, don aikin lafiya ba na kowa ba ne. Rajista kuwa Alhamis za a rufe.

Hadijatu ta sa gefen mayafi a baki. Adda ce ta yi magana.

"Sharafa, ɗiyarka ce fa."

"Shi ya sa, Adda. In na ɓoye nata, da wane ido zan rubuta na ɗiyan wasu?"

"Ran nan da tsakuwa ta faɗo, hannuwanta biyu suna cikin nawa. Da mi ta jefa, da kunne?"

Ya yi murmushin nan nashi na wanda ya san abin da ba ka sani ba, ya ce mai zargi kullum yana ganin abin da babu, wannan ma yana cikin littafi. Adda ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta san dalilin, ko bai faɗa ba. Gara mashi a ce ɗiyarshi na da ciwo mai sunan Turanci da a ce a tasha an ga malami mai cire iska ya shiga gidan Likita.

Ranar Lahadi ta ɗauki laima ta hau mota zuwa Kaikai, wurin Modibbo Bube, wani dattijon malami da ake kai ma masu irin wannan larura. Ta zaci zai tashi nan take ya ɗauko tasbaha. Sai ya zaunar da ita ya yi ta tambaya har ƙafarta ta yi sanyi. Ko yarinyar ta yi zazzaɓi. Ko ta faɗi ta bugi kai. Ko tana cin abinci, tana barci, ko tana shan wani magani. Ko an yi mata rasuwa, ko wani ya ɓata mata rai, ko a dangi an taɓa yin mai farfaɗiya. Yaya take tana ƙarama. Ya ce cikin goma da ake kawo mashi, bakwai asibitin Kankia yake tura su, wurin su ƙanenta, don ba kowace faɗuwa ce ta iska ba. Da ta kai ga zancen kwalaye sai ya daina tambaya. Ya ce zai zo Talata.

Ya zo bayan la'asar, shi kaɗai, da buta da buzu. Sharafa ya tare shi a zaure da fuska kamar an aiko mashi da sammaci, amma furfura ta hana shi kora. Aka shimfiɗa buzu a tsakar gida. Hadari ya taso gabas ya tsaya bai sauka ba, iska ta ɗauke, ganyen dalbejiya ko motsi. Modibbo ya yi magariba a nan, ya zauna yana jan tasbaha.

Zuhura ta fito da tafiyar tsoho, ta kifa turmi, ta zauna. Modibbo ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba, ya daɗe yana yi. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, gumi ya keto mata, yatsun hannunta suka lanƙwashe. Can sai muryar nan ta ce ya isa haka nan, ba kurma ba ne, kuma mai shiga wurin ma'aikaci sallama yake fara yi.

Modibbo ya yi sallama, aka amsa mashi cikakkiya. Ya tambayi suna.

"Gajere. Ɗakin kati, shekara talatin da ɗaya, ban taɓa zuwa hutu ba."

Modibbo ya tambaye shi ko Musulmi ne, na gida ne ko na daji, shi kaɗai ne ko da iyali. Muryar ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Kai ma da naka akwatunan, Modibbo. Amma tunda ka tambaya kafin ka rubuta, zan amsa maka."

Ya ce Musulmi ne, shi kaɗai ne, kuma bai taɓa shiga jikin ɗan Adam ba sai bana, don bai ga abin sha'awa a ciki ba. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana zaune cikin katunan nan, yana korar gara da ɓera, ya san kowane mai kati da abin da ya ɓoye, bai taɓa faɗa ma ko gizo-gizo ba. Da ya ji za a ƙone su bai ji haushi ba, amana ta ƙare ke nan, kowa ya huta. Sai ga wannan, ya nuna Sharafa da haɓa bai ko dube shi ba, ya kwaso su a babur kamar buhun taki, ya sa yarinya tana karanta sirrin mutane da ƙarfi, shi yana kwance yana shafa masu launi. To tunda karatu da ƙarfi ake so a gidan, shi ma ya iya.

Modibbo ya ce yarinyar ba ta da laifi. Gajere ya ce ya sani, ita kaɗai ce mai rage murya in ta zo wurin da ya kamata a ji kunya. Sannan ya ce kafin a yi zancen fita yana da tambaya ga ma'aikaci ɗan'uwanshi. Ya ce jikin bangon ɗakin kati akwai inda likitoci na gaske suke koyar da ɗalibai, ya sha jin darasin nan har ya gundure shi. Ba a raɗa ma mutum ciwon hali a zama ɗaya. Sai abin ya kasance tun tasowarshi, shekara da shekaru. Sai ya bi shi gida da kasuwa da wurin aiki. Sai an tabbata ba zazzaɓi ba ne, ba ƙwaya ba, ba baƙin ciki ba, ba wani ciwo daban ba. Sai an tambayi waɗanda suka san shi. Kuma ba ka yi ma jininka. Har ma, in ji shi, masu akwatunan da kansu sun fara ajiye su, sun koma auna nauyin abin, mai sauƙi ne ko matsakaici ko mai tsanani, amma shi wannan yana nan rungume da biro uku.

"Tun yaushe ɗiyarka take haka?"

Sharafa ya yi kamar bai ji ba. Modibbo ya ce mashi ya amsa, jikin ɗiyarshi ne ke wahala.

"Kwana tara."

"Ban da tsakar gidan nan da magariba, a ina take yi?"

Sharafa ya shiga gyara birorin aljihunshi.

"Wa ka tambaya? Ga wadda ta yaye ta nan zaune."

Adda ta gyara zama.

"Akwatin masu neman ido, mutum nawa ke gare ka a jadawali?"

"Huɗu."

"Malaminka nawa ya ce a kawo?"

Sharafa ya kalli ƙasa, ya kalli ƙofar zaure. Ya ce biyar, da muryar da ba ta fi ta sauro ba.

Hadijatu, wadda shekara ashirin da biyu ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi mijinta a gaban baƙo ba, ta ɗaga ta dube shi.

Daga nan aka shiga ciniki. Gajere ya ce da fari a bar mashi yarinyar, kanta ɗaki ne mai tsabta, komi a wurinshi, ya fi inda ya baro. Modibbo ya ce ba ta haya ba ce, ya ɗaga murya da karatu kaɗan, har muryar ta ce to, to, an ji. Sai Gajere ya ce a bar shi ya hau katanga ya faɗa ma unguwa akwatin da shi Sharafa yake ciki, da lambarshi da launinshi, don ya gama auna shi tas. Adda, Allah ya yafe mata, har ta matso da kunne. Amma Modibbo ya tambayi aljanin tun yaushe ya san mutumin.

"Mako biyar."

"A ina ka san shi ban da ɗakin kati da gidan nan? Wa ka tambaya?"

Sai dariya ta fito daga bakin yarinyar, ƙasa-ƙasa, ta tsohon da aka kama da hannu cikin kwano. Ya ce Modibbo ya fi ƙarfinshi, ya janye. Adda ta koma ta jingina da bango, ranta bai so ba.

Abin da aka tsaya a kai shi ne wuta. A ƙone katunan duka a gabanshi kamar yadda aka umarta tun farko, ba wanda zai ƙara buɗe ko ɗaya. A haɗa da jadawalin. A fara da katin Zuhura da wasiƙun nan biyu, kuma mai rubutun ne zai sa su da hannunshi. Sharafa ya ce katunan ya yarda, amma jadawalin aikin wata guda ne, in ya tafi digirin bana ya tafi. Ya juya ga Modibbo yana neman a sa baki. Modibbo ya ce shi baƙo ne, ga ɗiya ga takarda, maigida ya zaɓa. Mutumin nan sai da ya tsaya tunani. Adda ta ƙirga numfashinta har bakwai kafin ya tashi ya ɗauko jakarshi, kuma ba ta yafe mashi bakwai ɗin nan ba har yau.

Aka haɗa wuta tsakiyar gida. Katin Zuhura ya fara shiga, jan rubutun ya yi baƙi ya nannaɗe. Wasiƙu suka bi, jadawali ya bi. Sannan kwalaye, damƙa bayan damƙa. Kowace damƙa ta faɗa, sai muryar ta kira sunayen da ke ciki can cikin maƙoshi, yadda ba mai ji sosai, tana ce ma kowa ya sauka lafiya. Ba raini a cikinta yanzu. Har aka yi isha'i aka fito ana yi.

Da kwali na ƙarshe ya cinye, Modibbo ya tambaye shi inda zai nufa, ya sa shi ya yi alkawarin ba zai ƙara shiga jikin kowa ba. Gajere ya yi alkawari. Ya ce kada a damu da masaukinshi, ƙasar nan ba ta rasa ɗakunan da aka tara takardun da ba mai karantawa ba. Ya yi sallama. Zuhura ta yi atishawa uku, butar Modibbo ta kife da kanta, ruwan ya bi ƙasa ya nufi ƙofa. Yarinyar ta buɗe ido ta ce, da 'yar muryarta ta kullum, "Gwaggo, mi aka ƙona?" Adda ta ce shara ce, ta jawo ta jikinta. Sai a lokacin hadarin ya sauka.

Kafin ya tafi, Modibbo ya ce nashi ya ƙare, amma shi ba ya sa hannu a takardar lafiya. A kai ta wurin likita, wanda ba dangi ba, a faɗa mashi komi, har na yau, ya duba da kanshi.

Laraba da sassafe suka shiga Kankia, Adda da Zuhura a mota, Sharafa na biye a babur ba wanda ya gayyace shi. Wata likita suka samu, matashiya, ba ta daɗe da zuwa ba. Ta shiga da Zuhura ita kaɗai, ta rufe ƙofa, suka daɗe. Aka ɗebi jini, aka auna abin da ake aunawa. Can ta leƙo ta ce tana son wanda ya fi sanin yarinyar. Sharafa ya miƙe yana gyara hula. Likitar ta ce ta tambayi mai jikin, ta ce Gwaggonta. Adda ta miƙa mashi laimarta ya riƙe, ta wuce.

Ta faɗi komi, tun daga yaye har turmi. Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ta yarda da aljani ko ba ta yarda ba. Ta ce kwana tara ba hali ba ne, abin da ta gani yarinya ce mai hankali da ta sha wahala, a dawo da ita bayan wata ɗaya ta ƙara ganinta, in wani abu ya sake tasowa kafin nan a zo da wuri. Ta jawo takardar makaranta, ta sa hannu, ta buga hatimi.

Suka fito. Sharafa na zaune a benci tsakanin wata mai tari da wani mai ɗaurarriyar ƙafa, laima a cinya. Ya tashi, ya miƙo hannu a ba shi takardar ya ga abin da aka rubuta. Zuhura ta ɗan rusuna kamar yadda aka koya mata, idonta a ƙasa, ta ninke takardar biyu, ta ƙara ninkewa.

"Baba, likita ta ce daga ni sai makaranta."

Ta sa ta cikin jaka ta ja zif. Adda ta zare laimarta daga hannunshi, ta kama hannun yarinyar, suka fita neman mai keke da zai kai su rajista tun ana saura kwana ɗaya.